SHEKARUN DA YAƘI KE CINYEWA: ABIN DA MUKA GANI A GABASHIN CHADI

Jawabin da ɗaya daga cikin matasan garinmu ya gabatar a zauren taron shekara-shekara na Ƙungiya

 

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake tara mu cikin ƙoshin lafiya, da salati ga fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wajibi ne mu gode wa Kwamitin Ilimi da ya ga dacewar a ba mu wannan dama. A bisa al'ada, sa'o'inmu a irin wannan rana aikinsu jera kujeru ne da rabon ruwa, ba tsayuwa gaban iyaye da lasifika a hannu ba. To amma umarni aka yi mana, cewa mu zo mu yi bayanin shekara guda da muka yi muna aikin sa-kai a gabashin ƙasar Chadi, daga Oktoban 2024 zuwa Satumban 2025, jim kaɗan bayan mun kammala jami'a da hidimar ƙasa. Idan harshe ya yi tuntuɓe, a yi mana afuwa irin ta iyaye.

Da farko bari mu kawar da wani ɗan ruɗani. A ƙasarmu ta yau, idan aka ce ɗan sa-kai, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne saurayi riƙe da bindiga ƙirar gida, da layu a damtse, yana sintiri a bakin daji. Shi ya sa da labarin tafiyarmu ya bazu, wata gwaggonmu ta aiko a tambaya ko yaƙin Sudan za mu je mu taya su. Sa-kan da muke nufi shi ne mutum ya ba da lokacinsa da ɗan iliminsa ba don albashi ba, sai dai alawus na ci da sha da makwanci. Wata ƙungiyar agaji mai kula da harkar ilimi ce ta ɗauke mu, mu da wasu matasa daga Kamaru da Nijar da ita kanta Chadi, domin mu taimaka wa malamai a sansanin 'yan gudun hijira na Farshana. Lissafi muka karanta a jami'a, amma abin da ya sa aka zaɓe mu shi ne Larabcin da muka samu a zauren Malam da kuma Islamiyyar garin nan. Muna roƙon iyaye su riƙe wannan batu, domin akwai masu ganin karatun zaure ba ya kai yaro ko'ina.

Hanyar da ta kai mu ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Ta tashi daga Njamena, wadda kakanninmu ke kira Fallomi, ta yi tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa Abeshe, tsohuwar fadar sarakunan Wadai, sa'an nan ta bi ta Farshana ta kai garin Adire a bakin iyaka. Daga Adire zuwa Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma, kimanin kilomita 30 ne kacal. Wannan ita ce hanyar alhazan ƙasa, waɗanda kan bar gida a ƙafa ko a kan jaki, su bi ta Junaina da Fashir har bakin Bahar Maliya, wasu su shekara goma ba su dawo ba, wasu kuma ba su dawo ba har abada. Bayan yaƙin Burmi na 1903, gabas ɗin nan dai jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka nufa tare da ɗansa Mai Wurno, har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar. Saboda haka mutanen da muka tarar a sansani jikokin waɗanda suka ba kakanninmu ruwa da masauki ne. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu su ne a kan hanyar, kuma yamma suka fuskanta.

Abin da ya koro su sananne ne, don haka ba za mu tsawaita ba. Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin rundunar sojan Sudan ƙarƙashin Janar Abdulfatah Al-Burhan da dakarun RSF ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hameti. A Junaina faɗan ya rikiɗe ya zama farautar ƙabilar Masalit. Ranar 14 ga Yunin wannan shekara aka kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, kuma daga wannan dare jama'a suka yi ta kwarara zuwa Adire, ana harbinsu a kan hanya. A watan Nuwamba aka sake yin irin wannan ta'asa a Ardamata. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a Junaina kaɗai a 2023. Garin Adire, wanda mazaunansa ba su wuce 40,000 ba kafin yaƙin, ya wayi gari yana ɗauke da baƙi fiye da 200,000. Kafin ƙarshen 2024 sababbin 'yan gudun hijira da suka shiga Chadi sun haura 700,000, ƙari a kan kimanin 400,000 da ke zaune a sansanoni tun yaƙin Darfur na 2003. Shi kansa sansanin Farshana tun farkon 2004 aka buɗe shi. Akwai magidanta a cikinsa da a nan aka yanke musu cibiya.

Ya ku iyayenmu, abin da rediyo da talabijin suka fi kawo mana daga irin waɗannan wurare shi ne yunwa da ƙishirwa da ƙananan yara masu tamowa. Duk gaskiya ne, mun kuma gani da idonmu. Ƙa'idar agaji ta duniya ta ce a ba kowane mutum aƙalla lita 15 ta ruwa a rana, amma akwai lokutan da rabin haka ma sai an yi dogon layi. Sai dai akwai wani rukuni da ba a cika nuna shi ba, shi ne kuma wanda aka haɗa mu da shi: samari da 'yan mata daga shekara 15 zuwa 25. Tsarin agaji yana da gurbi ga jariri, yana da gurbi ga mai juna biyu, yana da gurbi ga yaron firamare da tsoho da naƙasasshe. Amma saurayi ɗan shekara 19 ya wuce a kira shi yaro, bai kuma kai a kira shi magidanci ba. A Junaina shi aka fi nema a shingayen bincike domin a kashe. A sansani kuma shi ake yi wa kallon tuhuma, ana raɗe-raɗin ko ya taɓa riƙe bindiga. 'Yar'uwarsa kuwa aiki ya yi mata yawa: itace a daji mai haɗari, bugun tubali a cikin gari don ɗan abin cefane, renon ƙanne marayu, ga kuma maganar aure da ke tasowa da wuri saboda a rage baki ɗaya a tukunya.

Da muka zauna da su wata da watanni, sai muka fahimci cewa babbar asarar waɗannan matasa, bayan rayukan da suka salwanta, ita ce asarar lokaci. Gidan da aka ƙone ana iya sake gina shi, garken da aka kore ana iya sake tara wani, amma shekarar da saurayi ya yi zaune a inuwar tanti ba ta da madadi. A cikin ajinmu akwai wata yarinya da ta gama shirin rubuta jarrabawar kammala sakandare ta Sudan a tsakiyar 2023. Litattafanta ne kaɗai abin da ta fito da shi daga gida, ta ɗaure su a cikin mayafi. Akwai wani saurayi da ke shekara ta biyu a Jami'ar Junaina, wanda ba shi da ko da guntuwar takarda da za ta shaida ya taɓa shiga jami'a. Idan ka tambaye su me suke yi, amsar ɗaya ce: jira muke yi. Idan ka ce jiran me, sai a yi shiru. A watan Oktoban 2023 hukumar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Mu abin da muka gani shi ne yadda wannan adadi yake idan ya zama mutum ɗaya, yana zaune a gabanka, gemu yana tsiro masa alhali karatunsa na tsaye cak a inda yaƙi ya same shi.

A nan ne muka ga darajar wani abu da a gida ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato ranar jarrabawa. Tun 2014 makarantun sansanonin gabashin Chadi suka bar manhajar Sudan suka koma ta Chadi, a 2018 kuma gwamnati ta karɓe su a matsayin makarantunta. Da yake Larabci da Faransanci ne harsunan hukuma a Chadi, ɗalibi na iya yin karatunsa da Larabci har ya rubuta jarrabawar bakaloriya, wadda ke buɗe ƙofar jami'a. Wannan babbar rahama ce, amma tana da wahalarta. Wanda ya zo a 2023 da manhajar Sudan a kansa dole ya koma baya, ya koyi tarihin Chadi da labarin ƙasarta, ya kuma fara Faransanci daga baƙaƙe. Da yawa sun ƙi, suka ce su tasu jarrabawar suke jira. A ƙarshen Disamban 2024 gwamnatin Sudan ta gudanar da jarrabawar da aka ɗage tun 2023, a yankunan da soja ke riƙe da su da wasu cibiyoyi a ƙasashen waje, amma a wannan zagaye ba a buɗe cibiya a Chadi ba, saboda tsamin dangantaka tsakanin gwamnatocin biyu: Sudan na zargin Chadi da barin makamai suna ratsa ƙasarta zuwa hannun RSF, Chadi kuma na musantawa. Manya na ta cacar baki, yara na biyan kuɗin. A makon da labarin ya iso sansani, ajin bita da ke cika har waje ya koma ana ƙirga mutane da yatsu.

Abin da ya dawo da su ba wa'azi ba ne, ba kuma rarrashi ba. Shugaban makarantar, wani dattijo da ya shekara da shekaru yana koyarwa a Darfur, ya sa aka rubuta da alli a jikin bango yawan kwanakin da suka rage kafin bakaloriyar Chadi ta watan Yuni, kullum da safe ɗalibi ɗaya ya goge ya rage ɗaya. Ya kuma bi tanti-tanti da rajista a hannu, yana tambayar kowa ajin da ya tsaya. Cikin 'yan makonni sai ga su suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Mun lura cewa saurayin da ke da ranar da yake jira yakan wanke rigarsa, yakan tashi da wuri, yakan rage faɗa a layin ruwa. Ba duka suka ci jarrabawar ba, ba ma duka suka kai ga rubutawa ba. Amma waɗannan watanni an raye su, ba a zubar ba.

Mai girma Shugaban taro, ba mu so a ɗauka cewa wannan ra'ayin yaro ne kawai da ya je ya ga wuri ɗaya. Masana sun bi diddigin irin waɗannan matasa a wasu ƙasashe. A arewacin Uganda, inda 'yan tawayen Joseph Kony suka yi shekaru suna sace yara, binciken Christopher Blattman da Jeannie Annan, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa ba haka kawai yaran suka zama mahaukata ko miyagu ba, kamar yadda ake zato. Matsanancin ciwon zuciya ya fi taruwa ne ga waɗanda suka ga mafi munin ta'asa. Abin da ya game mafi yawansu shi ne asarar kusan shekara guda ta karatu, da raguwar kimanin kashi ɗaya bisa uku na abin da suke samu. A Saliyo, Theresa Betancourt ta fara bin rayuwar yara fiye da 500 tun 2002, shekarar da yaƙinsu ya ƙare, ta kuma gano cewa waɗanda danginsu da unguwarsu suka karɓe su, suka kuma ci gaba da makaranta, sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka riƙa yi wa gori. A Monrobiya ta ƙasar Laberiya kuwa an gwada wani abu a kan samari 999 waɗanda suka yi nisa a sata da sayar da ƙwaya, da yawansu tsofaffin mayaƙa: mako 8 na zaman koyon danne fushi da tsara gobe, a hannun 'yan ƙasar da su ma sun taɓa irin wannan rayuwa, da kuma kyautar dala 200. Kuɗi kaɗai bai yi tasiri mai ɗorewa ba. Amma waɗanda suka sami horon da kuɗin tare, bayan shekara 10 an tarar laifuffukansu sun ragu da kusan rabi.

Wannan bai nuna cewa babu ciwo a zukata ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa mutum ɗaya cikin biyar a yankunan yaƙi na fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, ƙarama ko babba. Mun ga ɗalibin da ƙarar babur kan sa ya faɗa ƙarƙashin benci, mun ga wadda ta yi wata uku tana zuwa aji ba ta ce uffan ba. Horon da aka ba mu kafin mu fara aiki ya yi mana kashedi da babbar murya: kada mu ce wa kowa ya ba mu labarin abin da ya same shi, kada mu ɗauki hoton kowa, kada mu yi alkawarin da ba a hannunmu yake ba. Namu shi ne mu duba, mu saurara idan mutum ya ga damar magana, mu kuma sada mai tsananin larura da ma'aikatan lafiya. Wannan ya yi daidai da tarbiyyar gida, domin Bahaushe ba ya zuwa gaisuwar mutuwa ya tambayi yadda mamaci ya cika. Shi ya sa ba mu zo muku da hotuna ba, ko da yake mun san wasu sun sa rai.

Kada kuma a manta cewa ba makaranta kaɗai ke kiran waɗannan samari ba. Akwai wasu masu kiran, kuma su da kuɗi a hannu suke zuwa. Mahaƙar zinariya ta Kuri Bugudi a arewacin Chadi, inda rikici ya ci kimanin mutum 100 a watan Mayun 2022, tana kira. Hamadar Libiya da tekun da ke bayanta suna kira. Wasu ta Agadas suke ɓullewa, su maƙale a can shekara da shekaru. Masu ɗaukar mayaƙa na ɓangarorin Darfur su ma suna kira, kuma wanda ya ga an kashe mahaifinsa a gabansa ba ya bukatar dogon bayani. Idan aka wayi gari benci ya zama babu kowa, abokan zama kan ce wane ya yi arewa, ko wane ya koma gabas. Kowa ya san ma'anar kowanne.

A tsakiyar zamanmu kuma sai wata guguwa ta taso daga inda ba a zata ba. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka, wadda a lokacin ta fi kowa ba da kuɗin agaji a duniya, ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje, wasu ƙasashen Turai su ma suka rage nasu. Ba mu zo nan don mu zargi mai kyauta ba, dukiyarsa ce. Abin lura shi ne, idan kuɗi ya yi ƙaranci, abinci da magani ake fara ceto, kuma haka ya kamata; makarantar sakandare ita ce ta farko da ake ajiyewa. Malaman da muke aiki da su 'yan gudun hijira ne su ma, cikinsu akwai lauyoyi da injiniyoyi, ɗan alawus ne ke riƙe da su. Da alawus ɗin ya fara jinkiri, iyaye mata da kansu suka shiga karo-karo, wannan ta kawo mudun dawa, waccan ta kawo abin da ta samu a wurin bugun tubali, domin kada malami ya bar alli ya tafi neman abinci. A nan muka san iyakar matsayinmu. Baƙo raɓa ne. Mu mun zo da ranar komawa a rubuce cikin fasfo, su kuwa malaman nan su ne ginshiƙi. Mafi amfanin abin da muka yi a shekarar nan, a ganinmu, ba darussan da muka koyar ba ne. Zaman da muka riƙa yi da malaman lissafi ne da yamma, muna daidaita manhajar Sudan da ta Chadi babi-babi, har muka fitar da ɗan kundi da hannu wanda suka ci gaba da amfani da shi bayan tahowarmu. Wata guda da dawowarmu, a ƙarshen Oktoban 2025, birnin Fashir ya faɗa hannun RSF bayan ƙawanya ta kusan shekara ɗaya da rabi, wasu dubban kuma suka sake kama hanya.

Yanzu bari mu zo ga tambayar da aka yi ta yi mana tun kafin mu tafi, wadda muka san tana cikin zukatan wasu a wannan zaure: me ya kai ka Chadi alhali gida na ci da wuta? Tambaya ce mai nauyi, ba mu kuma raina ta ba. Iyayenmu sun sayar da amfanin gona sun biya mana makaranta, suna da haƙƙin su ga mun kama aiki. Amsarmu ita ce, gani ya kori ji. A can an shekara 20 ana wannan aiki, an san abin da ke yi da abin da ba ya yi, mu kuwa a nan matsalar ta same mu ba mu shirya ba. Kuma ai mu ma muna da 'yan gudun hijira a ƙasashen mutane. Tun 2013 'yan Borno ke zaune a sansanin Minawawo na Kamaru. Tun 2019 mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina ke ƙetarawa jihar Maraɗi, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakwari. A watan Mayun 2019 'yan kato-da-gora na Maiduguri suka sallami yara 894 daga cikinsu, waɗanda dole a nema musu makoma. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024, makarantu nawa aka rufe, kuma yara nawa ne ba su sake komawa ba ko da aka buɗe?

Ba sai mun je nesa ba. Duk wanda ya zaga bayan kasuwa ko unguwar tasha ya ga iyalan da suka taso daga ƙauyukanmu suna zaune a kangaye. Ƙungiya ta yi ƙoƙari, Allah Ya saka da alheri: an raba hatsi da azumi, an raba barguna da sanyi. Amma samarinsu fa? Su ne ke tura kurar ruwa, su ne ke acaɓa da babur ɗin haya, su ne ke tafiya ramukan zinariya. Wasunsu suna can birane inda kuke, suna gadi ko yankan farce, wataƙila kun taɓa miƙa musu sadaka ba ku san 'yan ƙasarku ba ne. A cikinsu akwai wanda ya tsaya a aji biyar na sakandare. Akwai kuma, mu faɗi gaskiya, wanda ya taɓa kai wa 'yan bindiga saƙo don tsoro, ko ya shiga sa-kai irin na bindiga yana ɗan shekara 15, yanzu kuma ba mai son ya zauna kusa da shi a majalisa. Idan muka rufe masa ƙofa, daji bai rufe tasa ba.

Abin da muke roƙon Ƙungiya ba gini ba ne, ba kuma abin da za a yanke ƙyalle a buɗe ba. Muna roƙon a fara da rajista, irin ta dattijon nan na Farshana: a bi kango-kango tare da masu unguwanni, a rubuta sunan kowane saurayi da budurwa da ajin da karatunsu ya tsaya. Sa'an nan a nemi izinin hukumar ilimi a buɗe ajin yamma a makarantar firamare ta tsakiyar gari, wadda ke zama babu kowa daga azahar. A cikin waɗanda suka yi gudun hijirar akwai malaman makaranta da na allo. Su ya kamata a ɗauka a riƙa ba su alawus, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane ɗalibi a sa masa rana: wannan zai rubuta NECO ta masu zaman kansu a ƙarshen shekara, wancan zai rubuta jarrabawar sana'a ta NABTEB, Ƙungiya kuma ta ɗauki nauyin kuɗin rajista. Wanda karatu ya yi wa nisa a damƙa shi hannun kafinta ko tela ko makanike na gari, a rubuta yarjejeniya a gaban Mai girma Hakimi, da ranar yaye. Abu ɗaya da za mu nace a kansa shi ne a yi kasafin shekara uku tun daga farko. Mun ga abin da ke faruwa ga zuciyar matashi idan aka buɗe masa aji aka rufe bayan wata shida; gara ba a fara ba.

Ga 'yan'uwanmu da suka kammala jami'a suna zaune a gidajen iyayensu a birni suna jiran aiki, muna cewa ga wurin da ake bukatarku, ko da na zango ɗaya ne. Wanda kuma ke sha'awar fita waje, hanyoyin halal suna nan: Majalisar Ɗinkin Duniya na da shirin masu aikin sa-kai tun 1970, Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da nata na matasa a Abuja a 2010, Nijeriya ma tana da shirin tura ƙwararru ƙasashen Afirka da Karibiyan tun 1987, ko da yake shi ya fi neman wanda ya riga ya goge da aiki. Duk wanda ya ce ku biya shi kuɗi ya sama muku gurbi, ɗan damfara ne. Ku kuma tafi da yardar iyaye, da sanin cewa akwai zazzaɓi, akwai kaɗaici, akwai damina da kan cika rafuka ta yanke hanya kwana da kwanaki, kuma ba za ku dawo da kuɗin mota ba.

Mun miƙa wa Sakatare takardar ƙiyasin abin da ajin yamma zai ci a shekarar farko, tare da sunayen matasa shida na garin nan da suka amince su fara aikin rajista ba tare da an biya su ba. Muna roƙon Shugaba ya sa batun cikin ajandar zaman gobe da safe, kafin mutanen Legas su kama hanya.